Gidan ƙwaina ya kumbura bayan allurar neman haihuwa: daji ne kamar yadda mai sikanin ya ce?

Tambaya

Assalamu alaikum Likita. Ni matar aure ce mai shekara 29, ina zaune a cikin birnin Kano, kuma shekarata shida da aure ban taɓa ko ɓatan wata ba. An daɗe da gaya mini cewa ina da matsalar nan ta yawan ƙananan jakunkuna a gidan ƙwai, wadda take hana al'ada zuwa a kan kari. Da muka gaji da shan magunguna, sai ni da maigida muka yanke shawarar yin dashen ciki, wato a haɗa ƙwaina da maniyyinsa a asibiti sannan a mayar mini da ɗan tayin cikin mahaifa. An yi mini allurai na kwana 11, aka ciro ƙwai 23, amma likitan ya ce ba zai mayar mini da komai a wannan watan ba, za a daskarar da abin da aka samu sai gaba. Kwana huɗu bayan nan cikina ya kumbura har ɗaurin zani ya gagare ni, ga tashin zuciya. Yayar mijina ce ta raka ni wani wurin sikanin kusa da gida, kuma da yake dangin miji ba su san muna dashen ba, ban faɗa wa mai hoton komai ba. Takardar ta ce gidan ƙwai na dama ya kai santimita 10, na hagu 9, duk cike da jakunkunan ruwa, sannan akwai ruwa a bayan mahaifa da gefen hanta. Ya ce yana tsoron kada ya zama daji, in nemi likitan tiyata. Tun ranar ban runtsa ba. Daji ne? Cire mini gidan ƙwan za a yi? Kuma ina da ramuwar azumi a kaina, zan iya ci gaba da ita?

Amsa

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya ba ki lafiya, Ya kuma cika miki burinki. Zan fara da abin da ya hana ki barci: siffar da kika kawo, in aka haɗa ta da allurar da aka yi miki da yawan ƙwan da aka ciro, ba siffar daji ba ce. Siffar wani yanayi ce sananne ga duk mai aikin dashen ciki, wato zaburar da gidan ƙwai fiye da ƙima, wanda za ki ga likitoci suna taƙaita sunansa da haruffan OHSS a kan takardu. Ba a cire gidan ƙwai saboda shi, kuma galibi yana sacewa da kansa. Amma kada wannan ya sa ki miƙe ƙafa, domin yanayi ne da yake da nasa haɗarin, kuma abin da nake so ki yi kafin ma ki gama karanta wannan amsar shi ne ki kira asibitin da aka yi miki aikin, ki karanta musu takardar hoton, ki je su duba ki yau ba sai gobe ba.

Mai hoton da ya tsorata ki bai yi ƙarya a kan abin da idonsa ya gani ba, abin da ya rasa shi ne labarin. Duk wanda aka ajiye wa mace mai kumburarren ciki, ya ɗora na'ura ya ga gidajen ƙwai biyu sun yi girma sun cika da jakunkuna, ga kuma ruwa kwance a ciki, ba tare da ya san an yi mata allurar haihuwa ba, dole tunaninsa ya tafi ga daji, domin haka dajin gidan ƙwai yakan bayyana in ya yi nisa. Na fahimci dalilin shirunki sarai, kuma ba ke kaɗai ba ce. Mata da yawa a garin nan suna ɓoye wannan lamari saboda gudun gori da tsegumin dangi, har wata takan shigo ɗakin hoto da uwar miji ko kishiya a bayanta, ka tambaye ta ko tana shan wani magani ta girgiza kai alhali idonta yana faɗar wani abu daban. Shi ya sa ni dai na mayar da shi ƙa'ida cewa 'yan rakiya su jira a waje har sai na gama tambayoyina. Ke ma kina da haƙƙin ki ce a bar ki ke kaɗai da mai hoton, ko ki rubuta sunan allurar da ranar da aka yi ta a 'yar takarda ki miƙa masa. Ranar allurar ƙarshe, wadda ake yi dab da ciro ƙwai, ta fi kowane awo da zai yi a kan allon muhimmanci, domin da ita ake fassara hoton.

Don ki gane abin da ya faru a jikinki, sai mun koma ga yadda gidan ƙwai yake a lokacin da ba a taɓa shi ba. Tsawonsa bai wuce kamar santimita 3 zuwa 4 ba, wato kwatankwacin babban dabino, kuma a kowane wata jaka ɗaya ce takan yi fice a cikin 'yan'uwanta, ta riƙa girma da kusan milimita 2 a kullum, har ta kai milimita 18 zuwa 22 ko ɗan fiye, sannan ta fashe ta saki ƙwai. A sikanin, jakar tana fitowa baƙa wuluk mai santsin gefe, saboda ruwa tsantsa ba ya mayar da amon da na'urar ke aikawa. Jaririyar farko da aka samu ta hanyar dashen ciki, Louise Brown, wadda aka haifa ranar 25 ga Yuli, 1978 a garin Oldham na Ingila ta hannun Patrick Steptoe da Robert Edwards, da ƙwai guda ɗaya tak na watan uwarta aka same ta. Daga baya ne aka koma yin allurai masu sa jakunkuna da yawa su girma a lokaci guda don a ƙara yiwuwar dacewa, kuma daga nan ne matsalar da muke magana a kai ta zama abokiyar tafiyar wannan aiki.

Idan jakunkunan sun kusa ƙosawa, sai a yi allura ta ƙarshe mai nunar da ƙwan, a ciro shi bayan kamar sa'a 36. Wannan allurar, musamman in ta sinadarin hCG ce, wato irin sinadarin da jikin mai ciki ke fitarwa, tana sa gidan ƙwan da ya riga ya cika ya riƙa sakin wasu sinadarai da suke sassauta bangon ƙananan jijiyoyin jini. Ki tuna sabuwar randar ƙasa da aka cika da ruwa, yadda za ki ga jikinta yana tsatsafo har ƙasan da take kai ya jiƙe. Haka jijiyoyin suke komawa: ruwan jini yana tsiyayewa ya taru a kogon ciki, wani lokaci har a gefen huhu, jinin da ya rage a cikin jijiya kuma ya yi kauri kamar kunun da ya kwana. Abin da ke ruɗa mutane shi ne ciki cike yake da ruwa, amma jikin a bushe yake ta ciki, ƙoda ba ta samun isasshen jini, fitsari ya ragu, kuma jinin mai kauri yana saurin yin guda. Masu irin matsalarki ta yawan ƙananan jakunkuna, da masu ƙarancin shekaru, da marasa jiki, da duk wadda aka ciro wa ƙwai sama da 20, su ne suka fi faɗawa cikin wannan hali, kuma kin ga kin haɗa uku daga ciki.

Abin da muke gani a allon yana da tsari da wuya mutum ya manta shi in ya taɓa gani. Gidajen ƙwan biyu ne suke kumbura tare, girmansu kusan ɗaya, har sukan haɗu a tsakiyar mara a bayan mahaifa ko su haura sama zuwa wajen cibiya. Kowanne yana cike da jakunkuna manya da ƙanana masu siraran bango, sun jeru a kewaye, naman gidan ƙwan kuma yana tsakiya da haske-haske, siraran bangayen suna fitowa daga gare shi zuwa gefe. Turawa suna kwatanta shi da ƙafar keke da wayoyinta, ni kuwa in ina nuna wa ɗalibai nakan ce su tuna lemon zaƙi da aka raba biyu a kwance. Tun da an riga an soki jakunkunan da allura lokacin ciro ƙwai, wasunsu sukan sake cika da jini maimakon ruwa, sai cikinsu ya yi zare-zare kamar saƙar gizo, kuma wannan ma ba abin tsoro ba ne. Daji kuwa yakan zo da tsiron nama mai tauri a jikin bangon jakar, da bangaye masu kauri marasa daidaito da jini ke gudana a cikinsu, kuma ba ya fitowa cikin mako biyu a gidan ƙwan da aka yi ta dubawa da sikanin duk bayan kwana biyu ko uku a lokacin allurai ba a ga komai ba. Hujjar da ta fi kowace ƙarfi ita ce sake hoton: na allura yana raguwa, daji ba ya raguwa. Ina kuma jan kunnenki game da gwajin jinin nan mai suna CA-125 da wasu ke saurin rubutawa in sun ga ƙari a gidan ƙwai, domin a irin halin da kike ciki yakan hau ko babu daji, ba abin da zai ƙara miki sai fargaba.

Akwai abin tunawa a tarihin sana'ar tamu a nan. Ian Donald, likitan mata na birnin Gilasgo wanda ya wallafa aikinsa na farko a kan duba ciki da amo a 1958, abin da ya fara sa abokan aikinsa suka daina yi masa dariya shi ne wata mata da aka yanke wa hukuncin cewa dajin cikinta ya wuce aiki, na'urarsa ta nuna ƙatuwar jakar ruwa ce a gidan ƙwai, aka cire ta matar ta warke. Na'urar da ta fara suna da wanke mace daga zargin daji, abin takaici ne a ce yau ita ake tsorata mata da ita saboda ba a yi tambaya ba.

Game da awon da aka rubuta miki, kwalejin likitocin mata da haihuwa ta Birtaniya ta kasa wannan yanayi gida huɗu a ƙa'idojinta na 2016. Mai sauƙi shi ne wanda gidan ƙwai bai kai santimita 8 ba, da ɗan kumburin ciki kawai, kuma wannan yana samun kusan kashi ɗaya cikin uku na masu yin dashe. Matsakaici shi ne santimita 8 zuwa 12, da tashin zuciya ko amai, da ruwan da sikanin ke iya gani. Mai tsanani shi ne in ya wuce 12, ruwan ya yi yawan da hannu ma ke iya gane shi, fitsari ya ragu ƙasa da mililita 300 a yini, awon kaurin jini da aka fi sani da PCV ya haura kashi 45. Na huɗu shi ne wanda ake kai mace ɗakin kulawa ta musamman saboda shi. Matsakaici da mai tsanani a haɗe suna faruwa a kusan kashi 3 zuwa 8 cikin 100. Bisa takardarki kina cikin matsakaici, a ranar da aka yi hoton. Na ce a ranar ne domin abin yana sauyawa daga yini zuwa yini, kuma a ganina girman gidan ƙwai shi ne mafi raunin ma'auni a cikinsu, tun da ciro ƙwai kan sa ya ɗan sace alhali jijiyoyin suna ci gaba da tsiyaya. Na fi damuwa da yawan ruwan da inda ya kai, shi ya sa in mace irinki ta zo ba na tsayawa a mara: nakan duba tsakanin hanta da ƙodar dama, in duba gefen saifa, sannan in ɗaga na'urar zuwa ƙasan haƙarƙari in leƙa ko ruwa ya taru a ƙarƙashin huhu, wanda ya fi faruwa a ɓangaren dama. Sauran kuma aikin ɗakin gwaji ne, wato kaurin jini da aikin ƙoda da gishirin jiki, waɗanda babu hoton da zai nuna su.

Likitanki da ya ƙi mayar miki da ɗan tayi a wannan watan, gata ya yi miki, ko da kin ji zafin jinkirin. Wannan ciwo kashi biyu ne ta fuskar lokaci. Akwai na wuri, mai zuwa cikin kwana 7 bayan allurar ƙarshe, wanda allurar ce sanadinsa, kuma yakan lafa cikin mako ɗaya zuwa biyu, galibi da zuwan al'ada. Akwai kuma na baya, mai zuwa daga kwana 10 zuwa sama, wanda cikin da ya shiga ne ke hura wutarsa domin shi ma yana fitar da wancan sinadarin, kuma shi ya fi tsanani da daɗewa, balle in tagwaye ne. Naki na wuri ne, kuma da aka daskarar da 'ya'yan tayin an toshe ƙofar na biyun.

Yanzu ga abin da ya fi tayar mini da hankali a kan duk mai kumburarren gidan ƙwai, kuma a nan ne hoto yake iya yaudarar ma'abocinsa. Gidan ƙwai a rataye yake da wata igiyar nama wadda jijiyoyin jininsa suke bi ta ciki. Idan ya yi nauyi, musamman in ya wuce santimita 5, yana iya juyawa a kan igiyar ya murɗe ta, kamar yadda ake murɗe wanki a matse shi. Jijiyoyin da ke dawo da jini su ne masu laushin bango, su suke fara toshewa, alhali masu kai jini suna ci gaba da turawa, sai gidan ƙwan ya ƙara kumbura, in aka daɗe kuma ya mutu. Ya fi faruwa a dama, saboda babban hanji ya tokare ɓangaren hagu bai bar masa filin juyawa sosai ba. Alamarsa ciwo ne mai tsanani a gefe ɗaya na mara, wanda yakan zo farat ɗaya tare da amai, wani lokaci ya lafa ya sake dawowa in igiyar tana murɗewa tana warwarewa.

A macen da ba ta yi allura ba gane shi bai cika wuya ba, domin za ka ga gidan ƙwai ɗaya ya yi suntum ɗayan kuwa lafiya lau. A mace irinki duka biyun a kumbure suke, don haka babu lafiyayyen da za a gwada da shi. Abin da muke nema shi ne wanda ya zarce ɗan'uwansa girma, wanda namansa ya yi kauri ya jiƙe, wanda ya bar mazauninsa, wanda kuma in kan na'urar ya taɓa shi mace take zabura. Shaidar da ta fi ƙarfi ita ce ganin igiyar kanta a naɗe, wadda in aka yanko ta a hoto takan yi kama da gammo, jini mai launin ja da shuɗi yana kewayawa a cikinta. Wannan launin aikin Dofla ne, wato sashen na'urar da ke nuna gudun jini, kuma a kansa ake yawan yin kuskure. Gidan ƙwai yana samun jini ta hanya biyu, ɗaya daga tasa jijiyar da ke saukowa daga sama, ɗaya kuma reshe ce daga jijiyar mahaifa, saboda haka ana iya ganin jini yana gudana a cikinsa alhali a murɗe yake. Na taɓa karɓar wata matashiya da daddare, a duƙe take ta riƙe gefen mararta na dama tana amai, mijinta riƙe da takardar hoton da aka yi mata da rana a wani wuri, wadda aka rubuta cewa jini yana gudana daidai, ba murɗewa. A kan wannan layi ɗaya aka sallame ta da maganin ciwo. Da na ɗora na'urar ni ma na ga jinin, amma da na bi gefen gidan ƙwan a hankali sai ga gammon nan a naɗe. A daren aka shiga da ita tiyata, aka same shi ya yi duhu, aka warware shi aka bar mata abinta. Haka ake yi yanzu: ko ya yi baƙi-baƙi, galibi yana farfaɗowa in an warware, kuma inda akwai kayan aiki ta 'yan ƙananan ramuka da kyamara ake yi ba sai an tsaga ciki ba. Idan ciwon ya yi kama da murɗewa, shawarar likitan mata ce abin bi, ko da takardar hoto ta ce lafiya.

Ciro ƙwai kansa yana da nasa ɗan haɗarin, tun da doguwar allura ake sokawa ta gaba zuwa gidan ƙwai ana kallon hanyarta a sikanin. Ɗan jini kaɗan a bayan mahaifa bayan aikin abu ne da aka saba gani. Idan zubar ta yi yawa, wadda takan nuna kanta a yinin farko ko na biyu da jiri da bugun zuciya da ciwon da ke harbawa zuwa kafaɗa, ruwan da ke cikin ba ya fitowa baƙi tas kamar na kumburin allura, yakan yi ɗigo-ɗigo da gudaji masu toka-toka, kuma awon jini faɗuwa yake yi maimakon hawa. Wannan bambanci ne da mai hoto ya kamata ya rubuta a fili, ba ya tsaya a kan cewa akwai ruwa kawai ba. Ƙwayoyin cuta kuma sukan iya bin sawun allurar su haifar da ƙurji mai mugunya, abin da ba kasafai yake faruwa ba, kuma zazzaɓi ne yake tona shi bayan kwanaki ko makonni. A Kano duk zazzaɓi sunansa maleriya ko taifot har sai an ga abin da ya ture wa buzu naɗi, don haka in kin ji zafin jiki a wannan tsakanin kada ki tsaya a kemis.

Wasu sukan tambaya ko ba za a yi babban hoto ba don a tabbatar. Sikanin ya wadatar a mafi yawan lokuta, ba shi da tururin da ke cutarwa, kuma ana iya maimaita shi kullum. Hoton MRI yana taimakawa in an shiga ruɗani game da murɗewa ko wani ƙari, shi kuwa CT akan taƙaita shi ga inda ya zama dole, kamar in ana zargin gudan jini ya tafi huhu. Gudan jinin wannan ciwo yana da wata ɗabi'a ta daban: ban da ƙafa, yakan kama manyan jijiyoyin wuya da na hannu, kuma yana iya zuwa makonni bayan cikin ya sace. Kumburin wuya ko hannu ɗaya, ko ciwon kai mai tsanani, dalili ne na a duba jijiyoyin da Dofla ba tare da jinkiri ba.

Abin da ya rage miki ki yi a gida, in likitanki ya ga ba sai an ba ki gado ba, ba shi da yawa amma yana son kula. Ki riƙa shan ruwa gwargwadon ƙishirwarki, kada ya gaza lita ɗaya a yini, kuma a zafin Kano za ki buƙaci fiye da haka. Ki hau sikeli kowace safiya, ki auna kewayen cikinki daidai cibiya da tef ɗin tela, ki rubuta, ki kuma lura da yawan fitsarinki da launinsa. Ƙarin nauyin da ya wuce kilo ɗaya a yini guda, ko fitsari ya ragu ya yi ja, ko amai ya hana ki riƙe ruwa, ko numfashi ya gagare ki in kin kwanta, ko wancan ciwon na gefe ɗaya, kowanne daga ciki na nufin ki tafi asibiti a lokacin, ko tsakar dare ne, zuwa inda ke da likitocin mata da ɗakin tiyata a buɗe kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Asibitin Murtala, da takardun dashenki a hannu. Farasitamol ya halatta miki, amma ki nisanci diklofenak da ibufurofen da danginsu domin suna ƙara wa ƙoda nauyi. Kada kowa ya ba ki maganin sa fitsari irin Lasix da sunan zai sace miki ciki, domin daga jijiya zai ɗebi ruwan ya ƙara wa jinin kauri. Kada a tausa cikin, kada a ɗaure shi tamau, kada a yi miki ƙaho ko a ba ki jiƙo. Ki ɗage kwanciyar aure, da daka, da ɗaukar bokitin ruwa, da doguwar tafiya a Adaidaita Sahu kan hanya mai gargada, har sai hoto ya nuna gidan ƙwan ya koma. Amma kuma kada ki kwanta ki yini a gado, ki riƙa ɗan zagayawa a tsakar gida, saboda zama wuri ɗaya abokin gudan jini ne. Idan ya kai ga kwantarwa, abin da za a yi shi ne ƙarin ruwa da lissafi, da allurar hana jini yin guda, in ruwan cikin ya matsa miki kuma a zuƙe shi da siririyar allura ana kallon sikanin don kada a soki gidan ƙwan.

Ramuwar azumi ki dakatar da ita. Mai jini mai kauri da ƙodar da ke neman ruwa ba ta da halin yini ba ta sha ba, kuma rangwamen da addini ya yi wa marar lafiya sananne ne, kina iya tabbatarwa wajen malamai. In al'adarki ta zo kuma cikin ya sace, ki koma a sake hoton, zai fi kyau a wurin da ke da awonki na farko don a kwatanta. Gidan ƙwai yakan ɗauki wasu makonni kafin ya koma girmansa na asali ko da kin ji sauƙi, don haka kada ki firgita in an ga sauran jakunkuna. Idan wani ƙulli ya ƙi raguwa bayan al'ada biyu ko uku, a lokacin ne ake zurfafa bincike a kansa. Ranar da aka zo mayar miki da ɗan tayi kuma Allah Ya sa aka dace, ki nemi a yi miki hoton farko ta gaba a wajen mako na 6, kuma mai hoton ya duba bututun ƙwai da gefen mahaifa ko da ya ga ciki zaune a cikinta, domin samun ciki biyu lokaci guda, ɗaya a mahaifa ɗaya a waje, wanda a tsohon ƙiyasi yake faruwa sau ɗaya cikin kusan 30,000 in ba a yi magani ba, ya fi haka yawa nesa ba kusa ba ga masu dashe, musamman in an mayar da fiye da ɗaya.